Tseren Motar "The French Connection": Ran Wa Aka Sa a Caca?

Rubutun yana da tsawo, wanda ke kan hanya ya ajiye shi sai dare.

Tun da Gene Hackman ya mutu a watan Fabrairun 2025, yana da shekara 95, akwai wani guntun bidiyo da ya ƙi barin Facebook. Ya ɓace kwana biyu, ya sake dawowa. Wata mota ce ruwan ƙasa take tsala gudu a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, direban yana dukan sitiyari yana danna hon kamar zai fasa shi, jirgin kuma yana tafe a samansa. Daga fim ɗin The French Connection ne na 1971. Kusan duk wanda ya ɗora shi magana ɗaya yake rubutawa a sama: wai lokacin da ake fim na gaskiya ke nan, babu kwamfuta, babu ƙarya, ko izini ba su tsaya nema ba, a tsakiyar mutane suka yi abinsu. Sai ka ga a ƙasa ana ta zuba alamar wuta da tafi. Shekaranjiya wani abokina ya turo mini shi karo na uku, ya rubuta a ƙasa, "Maza ke nan!" Na ce masa a fili zan ba shi amsa. To ga ta.

Kafin wani ya ce ban san daɗin fim ba, bari in fara da wanke kaina. Ina son fim ɗin nan. A gidan kallo na fara ganinsa, zamanin kaset, lokacin da ba ma jin ko rabin Turancin da ake yi, iyakarmu mu gane wane ne ekta wane ne bos. Ranar da aka zo wajen tseren nan har tashi tsaye muka yi a kan benci, na bayanmu suna zaginmu. Na sake kallonsa da girmana ya fi sau biyar, kuma har yau idan motar ta nufi matar nan mai tura jariri sai na ji ƙafata ta dama tana neman burki a ƙarƙashin tebur. Saboda haka ba ƙiyayya ba ce.

Ga wanda bai gani ba, labarin wasu 'yan sandan ciki ne guda biyu a birnin New York, Popeye Doyle da abokin aikinsa Russo, da suka gano ana shirin shigo da hodar hiroyin mai yawa daga Marseille ta ƙasar Faransa, an ɓoye ta a jikin mota. Yana da tushe a gaske. A farkon shekarun 1960 wasu 'yan sanda biyu, Eddie Egan da Sonny Grosso, sun bankaɗo irin wannan safara, Robin Moore ya rubuta littafi a kai a 1969, daga nan aka yi fim ɗin. Su biyun ma sun fito a ciki, Egan shi ne ya hau matsayin shugaban Doyle. Sai dai a ainihin abin da ya faru babu wani tseren mota da jirgin ƙasa. Ƙirƙira ce ta darakta William Friedkin da furodusa Philip D'Antoni. Dalilin ƙirƙirar kuwa shi ne D'Antoni ne ya shirya Bullitt shekara uku kafin nan, wanda tserensa ya girgiza duniya, suna so su yi abin da zai binne shi. Ku riƙe wannan: tun daga tushe, gasa ce ta wa ya fi wani.

Yadda abin yake a fim: ɗan bindigar haya na Faransawan ya laɓe a saman bene ya harbi Doyle, ya kuskure, harsashin ya sami wata mata da ba ruwanta. Doyle ya bi shi a guje, mutumin ya faɗa jirgin ƙasa irin wanda ke tafiya a kan gadar sama a unguwannin Brooklyn, ya ɗora wa direban jirgin bindiga ya ce kada ya tsaya a tasha. Doyle ya sauko titi, ya tare wani bawan Allah, ya fitar da shi daga motarsa ƙirar Pontiac LeMans, ya bi jirgin ta ƙasa. Daga nan sai karo da gogar bango da keta danja.

Abin da ya sa yake kama zuciya har yau ba ɓoyayye ba ne. Babu kiɗa ko kaɗan, sai ƙarar inji da hon da kukan taya da gurnanin jirgin a sama. An ɗaura kyamara a ƙasa-ƙasa a gaban motar, dab da kwalta, ginshiƙan ƙarfen gadar suna zuwa maka a fuska ɗaya bayan ɗaya. Mai ɗaukar hoton, Owen Roizman, ya rage saurin kyamarar daga hoto 24 a daƙiƙa zuwa 18 a wasu wuraren, yadda idan an haska sai gudun ya ƙaru a ido. Sannan mai yanka da haɗa hoton, Gerald Greenberg, yana jefa ka tsakanin fuskar Hackman, ƙafarsa a kan totur, da abin da ke faruwa cikin jirgin. Ya ci Oscar a kan wannan aikin, cikin guda biyar da fim ɗin ya kwasa, har da na gwarzon fim da gwarzon darakta da gwarzon jarumi. Kun ga ke nan ko a "fim na gaskiya" akwai dabara. Matar nan mai jariri ma shiri ce, an yi ta gwajin wurin kafin a ɗauka. Kuma yawancin tseren an ɗauke shi gutsure-gutsure cikin makonni, akwai 'yan sanda da ke taimaka musu tare hanya a wasu layukan, akwai direbobin fim da aka jera a cikin wasu motocin.

Amma akwai ɓangaren da ba shiri ba ne, kuma shi ne ainihin wanda ake yi wa tafi. Friedkin da bakinsa ya sha ba da labarinsa. Ya ce ya duba abin da suka ɗauka ya ga bai ƙayatar da shi ba, sai ya tsokani direban kasadar fim ɗin, Bill Hickman, ya nuna masa cewa har yanzu bai ga wata bajinta a wurinsa ba. Hickman ya fusata, ya ce idan shi Friedkin ya isa, ya shigo motar tare da shi. Suka ɗora fitilar 'yan sanda a saman motar, Friedkin ya zauna a baya ya riƙe kyamara da kansa, domin a cewarsa masu ɗaukar hotonsa suna da mata da 'ya'ya, shi kuwa a lokacin ba shi da. Hickman ya taka mota, mararraba 26 a jere, gudun da ya kai mil 90 a awa, wato kusan kilomita 145, a titin da ba a rufe ba, cikin motocin mutane, ana keta danja, mutane suna tsallaka titi ba su san ana fim ba.

Ku sake karanta dalilin da ya bayar na riƙe kyamara da kansa. Ya tausaya wa ma'aikatansa saboda suna da iyali. Madalla. To wanda ya fito sayen burodi a wannan safiyar fa, shi daga sama ya faɗo? Tsohuwar da ke tsallaka titi da sanda, da yaron da ya biyo ƙwallonsa, su ba su da kowa? Friedkin ya san abin na iya kisa, shi ya sa ya cire mutanensa daga motar. Lissafinsa ya tsaya a kan waɗanda ya san sunayensu. A nan nake rabuwa da masu cewa "maza ke nan".

Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Idan haka ne babu gardama. Ɗan kasadar da ya zaɓi sana'arsa, ya san farashinta, aka biya shi, ya ɗaura bel ya sa hular kwano, in ya karye jikinsa ne. Ina girmama irin waɗannan mutanen ƙwarai. Jackie Chan ya sulmiyo ta jikin sandar ƙarfe mai cike da ƙwayayen lantarki a Police Story na 1985, ya ƙona hannuwansa ya ji ciwo a baya, wannan ransa ya sa a caca, kuma nasa ne. Amma a Brooklyn tsuntsun ya ja ruwa ne a kan wasu, shi yana cikin ƙarfe mai nauyin fiye da tan ɗaya da rabi, su kuwa daga su sai rigar sanyi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Hickman ya fi kowa sanin abin da gudu ke yi wa ɗan Adam. A ranar 30 ga Satumba 1955, lokacin da jarumi James Dean ya yi hatsarin da ya kashe shi a California cikin motarsa ƙirar Porsche, Hickman ne ke biye da shi a baya da wata motar, yana cikin waɗanda suka fara isa wurin. Mutumin da ya ga wannan da idonsa, bayan shekara goma sha biyar aka zuga shi da 'yar magana ya yi abin da ya yi. Zuga ba ta san gwani ba.

Yanzu mu koma Bullitt na 1968, domin shi ne amsar masu cewa sai an yi hauka ake samun abin kallo. Steve McQueen ne ɗan sandan, cikin koriyar Ford Mustang, 'yan ta'addan kuma cikin baƙar Dodge Charger, wanda ke tuƙa Charger ɗin kuma, mai tabarau ɗin nan da ba ya ko murmushi, Bill Hickman ɗin dai ne. Kusan minti 11 ana abu ɗaya a kan tuddan San Francisco, motoci suna tashi sama suna dirowa kamar awaki. Akwai wurin da nake so ƙwarai: ana ta bin juna a hankali, kiɗan Lalo Schifrin yana tafiya a ƙasa-ƙasa, sai kyamara ta nuna hannun Hickman yana ɗaura bel. Ƙas! Kiɗa ya ɗauke, taya ta yi ƙara. Daga nan ba ka sake jin komai sai inji. Gudun ya kai mil 110 a wasu wuraren, ya ma fi na Brooklyn.

To amma yaya aka yi shi? Da izinin hukumar birnin, zamanin magajin gari Joseph Alioto. An rufe tituna. An nemi a yi a kan gadar Golden Gate aka hana, suka haƙura. McQueen da Hickman sun je filin tsere sun yi ta gwaji, su saba da gudu kusa da juna. An ƙarfafa ƙafafun motocin don su jure dirowa. Carey Loftin, tsohon hannu a harkar, shi ya tsara komai, kuma wuraren da suka fi haɗari ba McQueen ba ne a kan sitiyari, su Bud Ekins ne. Mai babur ɗin da ya zube a gaban motocin ma Ekins ne, da gangan ya kwantar da shi. Motocin da kake gani suna wucewa kamar na masu zuwa kasuwa, nasu ne. Shi ya sa masu sa ido suka gano wata koriyar Volkswagen ƙirar kunkuru da ake ta wucewa sau da yawa, da kuma Charger ɗin da ta zubar da murfin wili fiye da adadin tayoyinta. Mutane suna dariyar wannan a matsayin kuskure. Ni kuwa duk lokacin da na ga kunkurun nan sai in ji daɗi, domin shaida ce cewa wanda ke cikinta ya san abin da ke tahowa a bayansa.

Shin Bullitt ya rasa armashi don an rufe titi? Frank Keller ya ci Oscar na haɗa hoto da shi. Mustang ɗin da McQueen ya tuƙa an yi gwanjonta a Janairun 2020 a kan dala miliyan 3.4, kafin a ɗora kuɗin dillalai. Fiye da shekara hamsin ana kwaikwayonsa. Hickman ɗaya ne a fina-finan biyu, gwanintarsa ɗaya ce. Bambancin kawai, a ɗaya an kawar da mutane daga hanya, a ɗayan an bar su a matsayin kayan ado.

Na san abin da za a ce: ai ba wanda ya mutu. Gaskiya ne, ba wanda ya mutu. Sa'a ta fi manyan kaya. Amma sa'a ba hujja ba ce, kuma shi kansa Friedkin bai ɗauke ta hujja ba. Da ya manyanta, a hirarraki da kuma littafin tarihin rayuwarsa na 2013, ya amsa cewa ya jefa rayukan mutane cikin haɗari, cewa ikon Allah ne kawai ya sa ba a kashe kowa ba, kuma ba zai sake yin irin wannan ba. Da ya tashi yin wani tseren a To Live and Die in L.A. a 1985, wanda mota ke bin hannun da ba nata ba a babbar hanya, rufe hanyar aka yi aka cika ta da direbobinsu. Ya mutu a watan Agustan 2023 yana kan wannan matsayi. Wato mai abin ya tuba, 'yan kallo ne suka ƙi tuba.

In kuna son ganin yadda labarin yake ƙarewa ranar da sa'a ba ta zo aiki ba, ga shi. A ranar 20 ga Fabrairu 2014, a jihar Georgia ta Amurka, wasu masu shirya fim mai suna Midnight Rider suka hau wata gadar jirgin ƙasa da ke kan kogi don ɗaukar wani fage, har da gadon asibiti suka ɗora a kan layin dogo. Kamfanin jirgin bai ba su izini ba. Suka ce a yi sauri a ɗauka a sauka, irin dai tunanin nan na "ai yanzu za mu gama". Jirgi ya taho. Sarah Jones, mataimakiyar mai ɗaukar hoto, 'yar shekara 27, ta mutu a wurin, wasu da dama suka ji rauni. Daraktan, Randall Miller, ya amsa laifin kisa ba da niyya ba a 2015, ya yi kimanin shekara ɗaya a gidan yari. Ku gaya mini, mene ne bambancin abin da Miller ya yi da abin da Friedkin ya yi? Babu izini a nan, babu a can. An san da haɗari a nan, an sani a can. Ɗaya ya tafi da Oscar, ɗaya ya tafi kurkuku, kuma abin da ya raba su bai wuce daƙiƙa biyu ko uku da wani mai tsallaka titi ya yi jinkiri ko ya yi sauri ba.

Masu cewa to ai in ba haka ba sai dai fim ɗin kwamfuta, su ma ban yarda da su ba. Ni ma na gaji da motocin da ke tsalle daga wannan dogon bene zuwa wancan, ko a harba su sararin samaniya, kana kallo ka san babu nauyin ƙarfe a ciki. Amma tsakanin zanen kwamfuta da taka mutane akwai fili mai faɗi. A fim ɗin The Fall Guy na 2024, wani direba mai suna Logan Holladay ya wuntsila mota sau takwas da rabi a bakin teku a Ostireliya, har ya shiga kundin Guinness. Mota ta gaske, mutum na gaske a ciki, an auna komai, an gwada, kuma babu wani mai sayar da kifi a wurin da bai san abin da ake ciki ba. Wannan ita ce sana'ar. A watan Afrilun 2025 hukumar Oscar ta sanar cewa za ta fara ba da kyauta ta musamman ga masu tsara kasadar fim, daga bikinta na 100 a 2028. An daɗe ana wannan fafutukar, tun farkon shekarun 1990. Na ji daɗin yadda suka sa mata suna, kyautar tsarawa, ba kyautar wanda ya fi kowa rashin tsoro ba. Da an yi ta a kan rashin tsoro, da mun ga gawarwaki.

Akwai kuma wani gefen da ya fi damuna fiye da yadda aka ɗauki fim ɗin, wato abin da ya koya wa ido. Ya koya mana mu zauna a kujerar ɗan sandan. Kyamara tana cikin motarsa, saboda haka duk wanda ya gitta a gaba cikas ne, ba mutum ba. Kana jin haushin mai babbar motar da ya tare hanya. Mutumin da aka ƙwace wa Pontiac ɗinsa, aka mayar da ita gwangwani, ko sake tuna shi ba ka yi. Kuma ku lura, jirgin nan a kan dogo yake, ba shi da kwanar da zai sha, inda zai je sananne ne. Amma fim ya sa ka yarda cewa in Doyle bai keta kasuwa da gudu ba duniya za ta tashi.

Kada ku ce fim ne kawai. A 2007 Kotun Ƙolin Amurka ta saurari shari'ar Scott da Harris. Victor Harris saurayi ne ɗan shekara 19 a Georgia, a 2001 aka gan shi yana gudun mil 73 a inda doka ta ce 55. Aka ce ya tsaya, ya ƙi, aka bi shi kusan mil 10 cikin dare. Daga ƙarshe ɗan sanda Timothy Scott ya doki motarsa ta baya, ta bar titi ta kife, yaron ya shanye daga wuya zuwa ƙasa. Alƙalan suka kalli bidiyon da kyamarar motar 'yan sanda ta ɗauka. A zaman sauraron, Mai Shari'a Antonin Scalia ya ce bai ga tsere mai ban tsoro irin wannan ba tun The French Connection. Da sunansa ya ambaci fim ɗin, a Kotun Ƙoli. Aka yanke hukunci takwas da ɗaya cewa ɗan sandan bai keta haƙƙin yaron ba. Wanda ya saɓa, John Paul Stevens, ya ce shi bai ga abin da suka gani a bidiyon ba, ya kuma tuna musu cewa 'yan sandan sun riga sun ɗauki lambar motar, suna iya zuwa su kama shi daga baya. Ba ina wanke Harris ba ne, gudun da ya yi ganganci ne, kuma shi ma ya sa ran wasu a haɗari. Abin da nake nunawa shi ne, har alƙalin alƙalai idan ya ga bin mota, ma'aunin da ke kansa na Hollywood ne.

Jaridar USA Today ta yi bincike a 2015, ta tattara alƙaluman gwamnati daga 1979 zuwa 2013, ta samu mutum fiye da 11,500 sun mutu a irin wannan bin mota na 'yan sanda a Amurka. Fiye da 5,000 daga cikinsu ba su ne ke tuƙin gudun ba, fasinjoji ne da 'yan ba-ruwanmu. Kuma da yawan bin ya faro ne daga ƙananan laifuka na hanya. Shi ya sa birane da dama a can suka taƙaita dokar, ba a bin mota a cikin gari sai a kan babban laifi.

Ba sai na yi dogon bayani a kan namu ba, kowa ya sani. Mun san motar jami'ai da ke biyo direba a kan takarda ko buhun shinkafa har cikin kasuwa. Mun san wasan mota na ranar ɗaurin aure da ranar gama makaranta. Shekarun baya a unguwarmu an yi wani biki, abokan ango suka zo da motoci suna juyi a fili, ƙura ta tashi, yara sun yi da'ira suna ihu. Ɗaya ta ƙwace. Wata yarinya mai tallan gyaɗa, ba gayyatarta aka yi ba, tsayawa kawai ta yi kallo da farantinta a ka, ita aka ɗauka zuwa asibiti da karaya biyu a ƙafa. Har yau tana ɗingishi. Abin da na ji manya suna faɗa a wurin shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma tsautsayin nan da mukulli aka tayar da shi. Shi kuma yaron da ya yi tuƙin, abokansa har yanzu suna ba da labarin irin juyin da ya yi kafin abin ya faru. Ban ce fim ɗin 1971 ne ya sa shi ba, wataƙila ko sunansa bai taɓa ji ba. Tafin ne dai iri ɗaya da wanda nake gani a ƙarƙashin bidiyon nan.

Wani zai tambaya, to a daina kallon fim ɗin ke nan? A'a. Ni ma ba zan daina ba. Hasali ma ina ganin fim ɗin ya fi masoyansa gaskiya, domin bai taɓa cewa Doyle mutumin kirki ne ba. Ɗan sanda ne mai wariyar launin fata, mai cin zalin waɗanda yake kamawa, wanda abokan aikinsa ke zargin cewa garajensa ya taɓa jawo mutuwar wani ɗan sanda. Tseren ma da me ya ƙare? Jirgin ya daki wani jirgin da ke tsaye, ɗan bindigar ya fito a jigace, ba bindiga a hannunsa, ya juya zai gudu a kan matakala, Doyle ya harbe shi a baya. Wannan hoton ne ma aka sa a fastar fim ɗin. An ce 'yan sandan da ke ba su shawara a wurin ɗauka sun nuna rashin yarda, suka ce wannan kisan kai ne. Friedkin ya bar shi a haka, kuma 'yan kallo a sinima suka yi ta tafi.

Guntun da ke yawo a Facebook a nan yake tsayawa. Abokina, kai da ka turo mini sau uku, don Allah nemi cikakken fim ɗin ka kai ƙarshe. A fage na ƙarshe Doyle yana farautar babban bos ɗin, Charnier, a cikin wani kangon gini mai duhu. Ya ga inuwa ta motsa, bai tsaya tambaya ba ya buɗe wuta. Da suka matsa sai ga gawar jami'in gwamnatin tarayya da suke aiki tare, Mulderig. Doyle ko sunkuyawa bai yi a kansa ba, ya sake cika bindiga ya wuce ciki. Sai rubutu ya fito a allo cewa Charnier ba a taɓa kama shi ba, su Doyle kuma an ɗauke su daga sashen yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Wanda ya hau matsayin Mulderig ɗin nan da ke kwance a ƙasa, in ka duba sunayen 'yan wasa, Bill Hickman ne.